Kunya ce ko tsoro ke hana yaranmu tambayar dalili?

Wata Asabar da hantsi yayata ta kira ni a waya daga Ƙofar Marusa a nan Katsina, murya a sama, ko gaisuwa ba mu gama ba. Wai in zo in ga abin da ake koya wa ɗanta a jami'a. Da na isa na tarar da ita zaune kan tabarma a tsakar gida, ta riƙe wasu takardu da yatsa biyu kamar wadda ta tsinci mushen ɓera. Ƙanwar yaron ce ta karanta mata kan takardar ta fassara mata: falsafa, mantiƙi (wato ilimin auna hujja) da samuwar ɗan Adam.

"Mi ya kai shi ga falsafa?" in ji ta. "Ni dai lissafin kuɗi na san an tura shi ya karanto. Ba ita ce Malam ya ce tana fitar da mutum daga addini ba?"

Yaron yana jingine da ƙofar ɗaki yana danne dariya. Ya ce, "Kawu, don Allah ka kwantar mata da hankali. Wallahi ni ban ma san abin da ke ciki ba. GST ne, dole kowa ya yi. Haddacewa za mu yi, mu shiga ɗakin kwamfuta mu danna A ko B, shi ke nan an wuce wurin."

Uwar ta yi ajiyar zuciya, ta tashi ta ɗora mini ruwan shayi. Amsar da ta sanyaya mata rai ita ce ta hana ni barci a daren.

Na buɗe takardun. Sun fara da mutanen Girka, da Talis wanda ya ce asalin komai ruwa ne, sai Sukurat da aka yanke wa hukuncin kisa a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa, sai almajirinsa Aflaton, sai Aristo. Daga nan aka yi tsalle ɗaya aka dira Faransa da Jamus. Yaron ya haddace sunayen tsaf, har da shekarun. Na ce masa to, ka ba ni misali ɗaya da Hausa na maganar da farkonta gaskiya ne amma abin da aka gina a kai bai tsaya ba. Ya sosa ƙeya. Ya ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta sa wannan darasi cikin darussan da ake kira GST, waɗanda kowane ɗalibi zai ɗauka, mai karatun likita ne ko mai karatun noma, kuma ban ga laifin hakan ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda ya faɗo tsakanin iyaye masu tsoronsa da 'ya'ya masu haɗiye shi ba tauna, su amayar ranar jarrabawa. Duka ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda, cewa wannan ilimi baƙo ne, daga Turai ya zo cikin jirgi. Ni kuwa ra'ayina shi ne a garin nan, musamman a garin nan, wannan zato kuskure ne, kuma kuskuren yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure a Katsina ya san Ahalari. Yana cikin littattafan fiƙihu da ake fara karantawa, da shi aka koya mana tsarki da alwala da ƙabli da ba'adi. Mawallafinsa, Abdurrahman al-Akhdari, mutumin ƙasar Aljeriya ne na ƙarni na 16. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne wannan bawan Allah yana da wata waƙa mai baiti ɗari da arba'in da 'yan kai a kan mantiƙi, ana kiranta Sullam, wato tsani. Ya tsara ta a shekara ta 941 bayan hijira, kuma a cikinta ya nemi uzuri da cewa shekararsa 21. Kusan sa'an ɗan yayata ke nan. A farkon waƙar bai ɓoye saɓanin malamai ba. Ya ce Ibnus Salahi da Nawawi sun haramta wannan ilimi, wasu sun ce ya kamata a san shi, shi kuma abin da ya rinjayar shi ne ya halatta ga mai cikakken hankali wanda ya saba da Alƙur'ani da Sunna. Da hannun da ya rubuta mana hukuncin rafkanuwa a salla, da shi ya rubuta yadda ake auna hujja. Mun riƙe littafi ɗaya, mun bar ɗayan a cikin gafaka har gara ta ci.

Kafin shi ma an yi wannan muhawara, kuma ƙurarta ta taɓa garin nan. Shehu Magili, wanda ya zo Kano da Katsina wajen shekara ta 1493, mai goyon bayan mantiƙi ne, har yana da tasa waƙar a kansa. Imam Suyuɗi a Masar yana ganin haramun ne, ya yi rubutu a kan haka. Magili ya aika masa da baitoci yana mamakin yadda malami irinsa zai hana abin da ba komai ba ne face hanyar bayyana gaskiya, yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito, don da gaskiya ake gane mutane, ba da mutane ake gane gaskiya ba. Suyuɗi ya mayar da martani shi ma da baitoci, bai janye ra'ayinsa ba ko taƙi, amma ya rufe da yi wa Magili sallama da yabon falalarsa. Na kan tuna wannan musaya duk sanda na ga almajiran malaman yanzu suna zagin iyayen juna a Facebook a kan saki ko ƙablu.

Sai kuma namu na gida. Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. An fi saninsa da lissafi da hatimai, amma ya tsara waƙa a kan mantiƙi ya kuma yi mata sharhi da kansa. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, garin da Hasumiyar Gobarau ke tsaye a tsakiyarsa, ya fitar da mutumin da malaman Masar suka zauna gabansa. Yau jikansa yana ganin auna hujja aikin Turawa ne. Takardar GST ɗin nan ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane ba, kuma malamin da ya faɗa wa yayata falsafa kafirci ce shi ma bai ambace su ba.

To me ke cikin wannan ilimi da ya sa nake ta kumfar baki? Zan ɗauki abu guda da na ji tun ina saurayi a wani zaure a Gambarawa, wajen wani dattijo da ke karantar da littafin tauhidi na Sanusi. Kafin ya shiga sifofin Ubangiji sai ya tsaya ya rarrabe mana hukunci gida uku. Akwai hukuncin shari'a, kamar a ce sallar asuba raka'a biyu ce. Wannan ba a gano shi da tunani ko gwaji, nassi ake tambaya. Akwai hukuncin al'ada, kamar a ce wuta tana ƙuna, ko saiwar kaza tana maganin ciwo kaza. Wannan da maimaituwar gani ake saninsa, an gwada an sake gwadawa. Akwai kuma hukuncin hankali, kamar a ce ɗaya rabin biyu ne, ko abu ba ya zama yana motsi kuma yana tsaye a lokaci guda. Wannan ba ya bukatar nassi ko gwaji, hankali kaɗai ya isa. Dattijon ya kan ɗaga butarsa ya ce, "In na ce maku ruwan nan ya halatta a yi alwala da shi, ku tambaye ni littafi. In na ce yana maganin shawara, ku tambaye ni wa ya sha ya warke, kuma mutum nawa suka sha ba su warke ba. In na ce butar nan cike take kuma babu komai cikinta, ku kai ni gida, tsufa ya kama ni."

Muka yi dariya a lokacin. Sai da na girma na gane cewa rabin rigingimunmu daga cakuɗa waɗannan ukun suke tasowa. Mutum zai kawo maganar da ta shafi jiki da magani, wadda gwaji ne alƙalinta, ya lulluɓe ta da rigar addini don kada a tambaye shi. Wani kuma ya karanta ɗan kimiyya, ya zo yana neman a gwada masa adadin raka'o'i a ɗakin bincike. Kowanne ya shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi.

Ku tuna watan Agusta na 2014, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare waya ta riƙa ƙara gida-gida, wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Ni kaina an tashe ni, kuma wanda ya tashe ni yana da digiri biyu. An yi ta dafa ruwa ana zuba gishiri, masu hawan jini suka sha, har aka ba da rahoton rasa rayuka a wasu sassan ƙasar nan. Tambaya uku kacal ake bukata a daren: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, kuma wannan magana ta wane gida ce cikin ukun nan? Ba a yi su ba. Bayan shekara biyu aka zo da MMM, wai ka sa kuɗi a ba ka ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ba saye ba sayarwa. Yaron da ya san ɗaya rabin biyu ne ya isa ya tambaya daga ina ƙarin ke fitowa. A Disamban 2016 aka rufe asusu, ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙe kai. Kuma ba mu daddara ba, irinta na ta dawowa da sabon suna.

Wanda ya tashe ni a daren gishiri ba jahili ba ne. Tun yana ƙarami aka koya masa cewa in magana ta fito daga wanda ya girme shi, ko wanda yake ganin girmansa, tambaya rashin kunya ce. Karatun boko bai taɓa wannan wurin ba, ya dai ɗora masa takardun shaida a kai.

Abu na biyu da mantiƙi ke fara koyarwa, kafin a zo ga hujja, shi ne fayyace ma'anar kalma. Malaman zaure suna cewa ta'arifi sai ya zama ya tattaro duk abin da ke cikinsa, ya kuma kore duk abin da ba nasa ba. Wannan ya yi kama da wasan malamai, amma a nan ne ɗabi'a ke shigowa, don yawancin ɓarnar da muke yi sai mun fara canza mata suna kafin zuciya ta yarda. Lokacin jarrabawar fita sakandare, malami ya shiga aji ya rubuta amsa a allo, iyaye sun haɗa kuɗi an sallami mai sa ido. Ba wanda ke kiran wannan sata. "Taimako" ake cewa, a taimaka wa yaranmu kada a bar mu a baya. Ma'aikaci ya riƙe fayil ɗinka sai ka ba shi "na goro". Ɗan siyasa ya raba taliya da atamfa ana saura kwana biyu zaɓe, wannan "alheri" ne. Duka kalmomi ne masu kyau, na gado, waɗanda kakanninmu suka yi amfani da su a inda suka dace.

A ce malami ya tsaya gaban 'yan aji biyar na sakandare ya ce, mene ne taimako? Wani zai ce ba mutum abin da yake so. To mai ba mashayi kuɗin ƙwaya ya taimake shi? Sai a gyara, a ce ba mutum abin da zai amfane shi. To yaron da aka rubuta wa amsa ya ci jarrabawa, ya shiga makarantar koyon aikin jinya bai iya lissafin awon magani ba, an amfane shi? Ita kuma majinyaciyar da zai yi wa allura fa, tana cikin lissafin ko ba ta ciki? Yarinyar da ta yi karatun dare da fitilar waya ta ci da guminta, aka ba ta sakamako iri ɗaya da wanda ya kwafa, me aka yi mata? Cikin rabin sa'a yaran da kansu za su kori satar amsa daga cikin ma'anar taimako, ba tare da an yi masu wa'azi ko an ɗaga bulala ba. Abin da Sukurat ya riƙa yi ke nan a kasuwar Atina, yana tare mutane yana tambayarsu mene ne adalci, mene ne jarumta. Kuma abin da malamin fiƙihu ke yi ke nan in yana rarrabe kyauta da rashawa. Bature Kirk-Greene, da ya yi nazarin abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki a 1974, ya lissafa siffofi goma, cikinsu har da gaskiya da amana da kunya da hankali da adalci. Muna da kalmomin, muna rera su a taron yaye ɗalibai. Zama a tambayi iyakar kowacce, inda ta fara da inda ta tsaya, shi ne ba mu yi.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗar ba su rasa gaskiya ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kowa ya san irin yaron nan da ya yi zango biyu a jami'a, ya kalli bidiyo goma a YouTube, ya dawo gida yana yi wa kakarsa dariya don ta ce a yi addu'a kafin a fita. Akwai kuma waɗanda shubuha ta yi awon gaba da su gaba ɗaya. Tsoron yayata ba daga sama ya faɗo ba. Imam Gazali da kansa, wanda ya rasu a 1111, ya bi littattafan masana falsafa ya fitar da mas'aloli 20 da ya ce sun kauce, ya kafirta su a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Kuma an ruwaito cewa da wani ya tambayi Imam Malik yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi, ya ce masa tambayar bidi'a ce, ya sa aka fitar da shi. Ke nan akwai tambayar neman sani, akwai ta neman fitina, kuma malamanmu sun san bambancin.

Sai dai a duba yadda Gazalin ya yi. Bai ce a ƙona littattafan ba. Ya zauna ya karance su, ya rubuta littafi guda yana bayyana ra'ayoyinsu kamar yadda suke, sannan ya rubuta na raddi. Mantiƙi kuwa ya riƙe shi, har ya ce wanda bai san shi ba, ba a amince wa iliminsa ba. Ya kuma yi gargaɗi a kan wanda ya kira jahilin masoyin Musulunci, mutumin da zai ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini. Ya ce irin wannan ya fi cutar da addini, don wanda ya ga lissafin ya tabbata da idonsa ba zai yi shakkar lissafin ba, addinin zai fara shakka. Bayansa Ibnu Rushdi, alƙalin Malikiyya a Ƙurɗuba, mai littafin Bidayatul Mujtahid da ɗalibanmu ke karantawa har gobe, ya mayar masa da raddi. Duk cikin gida aka yi.

Yaron da ke yi wa kakarsa dariya, in ka zauna da shi, za ka tarar ba tunani ne ya yi masa yawa ba. Ya sauya wanda yake bi ido rufe ne kawai. Jiya duk abin da Malam ya ce, yau duk abin da wani mai gemu ko mai kwat a intanet ya ce. Bai taɓa koyon yadda ake tambayar hujja ba, don haka hujjar farko da ta zo masa cikin ado ta tafi da shi. Kuma a zamanin da waya ke aljihun kowane yaro, rufe ƙofa ba ya hana shubuha shigowa, ta taga take bi. Wanda aka saba masa da tambaya tun a gida, a gaban mutanen da ke ƙaunarsa kuma suka san amsa, shi ne ke iya tsayawa in ya haɗu da ita a waje.

Ana yi wa garin nan kirari da ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Na daɗe ina juya wannan kirari, don wanda ya fara yin sa ya rarrabe abu biyu da mu yanzu muka haɗe. Kunya ita ce ta sa yaro ya durƙusa, ya sassauta murya, ya ce "Allah gafarta Malam, ban gane wurin nan ba," ko ya jira a watse ya bi malamin a keɓe. Tana gyara yadda ake tambaya. Tsoro kuwa shi ke kashe tambayar tun a ciki, yaro ya gyaɗa kai alhali bai fahimta ba, ya girma yana gyaɗa kai. Ku shiga ajin firamare ko Islamiyya ku ce wa ke da tambaya, ku ƙirga hannuwa. Shirun da za ku ji muna kiransa tarbiyya. Ni ina zargin mafi yawansa tsoron bulala ne da tsoron a ce wane ya cika iyayi.

Ba na ɗora laifin duka a kan malaman makaranta. Mutumin da aka tara wa yara fiye da yadda murya za ta kai, albashi bai kai shi tsakiyar wata ba, ba shi da sararin muhawara, so yake a yi shiru a kwafi allo. Amma akwai wani abu da ba ya bukatar kasafin kuɗi. Sau da yawa malami na fusata da tambaya ne don bai san amsar ba, kuma an koya masa cewa faɗin "ban sani ba" zubar da girma ne. Alhali Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya shahara da wannan kalma. An ruwaito mutum ya yi tafiya mai nisa ya kawo masa tambayoyi, ya amsa kaɗan, sauran ya ce bai sani ba. Dattijon Gambarawa da na ambata ya kan ce, "Wannan sai na duba, ka tuna mini gobe." Kuma goben zai zo da littafi a hannu. Girmansa bai ragu a idonmu ba ko kaɗan.

Kada kuma a ɗauka da hadda nake faɗa. Hadda ita ce ta riƙe mana Alƙur'ani, kuma Sullam ɗin ma waƙa aka yi shi don a haddace. Amma a zaure hadda matakin farko ce, bayanta akwai fassara kalma bayan kalma, akwai sharhi, akwai komawa littafin bayan shekaru a ga abin da ba a gani ba da farko. Haddar takardar GST kuwa ranar jarrabawa take mutuwa, takardar ta koma wajen mai ƙosai.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Masu koyar da wannan darasi a jami'o'in jihar nan da kwalejojin horon malamai na Katsina da Dutsinma da Daura su fara daga gida. A buɗe da muhawarar Magili da Suyuɗi, a kawo hukunce-hukuncen nan uku, a ambaci al-Kashinawi, sannan a tafi Atina. Ɗalibin da ya ga malamansa na addini sun riga shi shiga wannan fage ba zai shiga da ɗar-ɗar ba, ba kuma zai fito yana jin ya fi ubansa wayewa ba. A bar ɗalibai su kawo misalai da Hausa, daga kasuwa da gidan biki da wa'azin da suka ji a mota. A jarrabawa a ba su saƙon WhatsApp guda a ce su nuna inda hujjarsa ta karye, ko da hakan na nufin malami ya yi maki da hannu. Malaman zaure da na Islamiyya kuma, waɗanda har yanzu akwai masu Sullam a cikin kabad, su sauko da shi. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai ta zama gidan tarihi, muna kai baƙi su ga ajin da Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka zauna. Wancan gadon mun iya nuna shi. Wanda ya girme shi da shekaru ɗaruruwa ko sunansa yaranmu ba su ji ba.

Ɗan yayata dai na zaunar da shi sau uku ko huɗu bayan la'asar, na ba shi abin da na tuna daga zaure, har da labarin buta. Ya ci jarrabawarsa, ko da yake ya ce ba abin da na koya masa da ya fito. Bayan kamar wata biyu sai ga kiran yayata kuma. Ashe a zauren WhatsApp na danginsu baffansa, yayan mahaifinsa, ya turo wata murya da ke cewa wani ganye yana warkar da ciwon suga cikin kwana bakwai, a daina shan maganin asibiti. Yaron ya rubuta a ƙasa, a gaban kowa da kowa har da surukai: "Baffa, wa ya faɗa, kuma mutum nawa aka gwada a kansu?" Baffan ya fice daga zauren.

"Kai ka koya mashi," in ji ta. "Sai ka zo ka gyara."

Na je. Na ce wa yaron tambayarsa daidai ce, wurin da ya yi ta ne ba daidai ba, ya kamata ya taka har gida ya durƙusa ya yi ta tsakaninsu. Ya ce to ai a zauren aka turo, kuma gwaggonsa mai ciwon suga tana ciki, in ya jira sai ya je gida wataƙila ta riga ta ajiye maganinta. Na buɗe baki na rufe. Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi gidan baffan tare, da goro a aljihuna. Ya karɓi gaisuwa, ya karɓi goron, ya ce ya yafe. Har muka tashi bai ce komai a kan ganyen ba, kuma har yau bai koma zauren ba.